Dodon Ruwa a Adabin Turawa da na Hausa: Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Tafkin Tiga

Gabatarwa

Cikin shekarar 1974 abubuwa biyu suka faru a wurare biyu masu nisa da juna, waɗanda a kallon farko babu abin da ya haɗa su. A ƙasar Amurka an buga wani ƙagaggen labari mai suna Jaws, wanda Peter Benchley ya rubuta a kan wani ƙaton kifi mai cin mutane, littafin da ya yi kasuwa ƙwarai har aka mai da shi fim a shekarar da ta biyo. A ƙasar Bebeji kuwa, kudu da birnin Kano, cikin wannan shekarar ce aka kammala ginin madatsar ruwa ta Tiga, aka tare Kogin Kano, ruwa ya taru ya zama tafkin da mutanen wannan yanki ba su taɓa ganin irinsa ba tun kaka da kakanni. Watau ke nan, a daidai lokacin da Turawa ke sayen tsoron ruwa da kuɗinsu a kantin littattafai, mutanen Bebeji da Tudun Wada sun wayi gari da ruwa mai zurfi a ƙofar gida.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin labaran dodannin ruwa, a ga yadda suka taso a Turai da Amurka har suka zama hajar kasuwa, a kwatanta su da Dodon da Bahaushe ya sani a tatsuniya da tarihihi, sa'an nan a komo kudancin Kano a duba abin da ke cin mutane a ruwa a zahiri. Abin da za a nuna shi ne, kowace al'umma takan sassaƙa dodonta daidai da abin da take tsoro, kuma wanda ya karanci dodon da kyau yakan gane inda alhaki yake idan ruwa ya ci mutum.

Asalin Dodon Teku a Turai

Mutanen da ke zaune a bakin teku a arewacin Turai sun daɗe suna ba da labarin wata halitta da suke kira kraken. Cikin 1752 da 1753 wani babban limamin Kirista na birnin Bergen, mai suna Erik Pontoppidan, ya buga littafi a kan halittun ƙasar Norwe, inda ya kawo bayanin wannan dabba kamar yadda masunta suka faɗa masa: girmanta kamar tsibiri, hannuwanta kuma suna iya kama jirgi su ja shi ƙasa. Labarin yana da ƙarin gishiri, amma yana da tushe, domin a can ƙarƙashin teku akwai wata halitta mai taushin jiki da hannuwa goma, wadda tsawonta kan kai mita 12. Cikin 1861 wani jirgin yaƙin Faransa mai suna Alecton ya ci karo da ɗaya daga cikinsu kusa da tsibiran Kanari, ma'aikatan jirgin suka yi ƙoƙarin jawo ta da igiya, sai wani yanki na jikinta kaɗai suka samu. Wannan labari ya shiga littafin da Jules Verne ya fitar cikin 1870, na jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku. Ba a sami ɗaukar hoton wannan halitta da ranta a mazauninta ba sai cikin 2004, sa'ad da wasu masana na ƙasar Japan suka yi nasara.

A Amurka kuwa, cikin ƙarni na 19, man da ake kunna fitila da shi a birane daga jikin manyan dabbobin teku ake samunsa, waɗanda Larabawa ke kira hutu. Jirage sukan fita farautarsu su yi shekara biyu ko uku ba su komo gida ba. Cikin 1820 ɗaya daga cikin waɗannan dabbobi ya tunkuyi jirgin Essex a tsakiyar tekun Fasifik har ya nutsar da shi, kuma mafi yawan ma'aikatansa suka mutu kafin a cece su. Daga nan Herman Melville ya ɗebi wani sashe na labarin Moby-Dick, wanda ya fito cikin 1851.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan labarai sun bunƙasa ne a zamanin da arzikin Turawa ke tafiya a kan ruwa. A garuruwan bakin teku da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko miji a cikin jirgi, kuma da yawa sun tafi ba a sāke jin ɗuriyarsu ba. Wanda aka rasa gawarsa kuwa, dole a nemo masa labari.

Takarda Mai Araha da Kasuwar Tsoro

Cikin 1896 wani mai buga mujallu a Amurka, Frank Munsey, ya mai da mujallarsa Argosy ta ƙagaggun labarai zalla, ya buga ta a kan takarda mai kaushi da ake yi da niƙaƙƙen katako, ya sayar da ita santi 10. Daga sunan wannan takarda mai araha irin wannan adabi ya sami sunansa a Ingilishi. Masu karatunsa leburori ne da akawuna da 'yan makaranta, marubutansa kuma a kan yawan kalmomi ake biyansu, saboda haka sauri ya fi musu gyara. Cikin 1923 aka kafa mujallar Weird Tales domin labaran ban tsoro kaɗai, kuma a cikinta ne H. P. Lovecraft ya buga labarinsa The Call of Cthulhu cikin 1928, na wani dodo da ke barci a wani birni da teku ta haɗiye.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu waɗannan mujallu suka mutu, ƙananan littattafai masu bangon takarda da finafinai suka gaje su, dodon kuma ya sāke kama. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani bom na nukiliya a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo a kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗayansu ya mutu bayan 'yan watanni. Kafin shekarar ta ƙare aka fitar da fim ɗin Godzilla, na wani dodon da gwajin bom ya tayar daga ƙarƙashin teku ya tattake birnin Tokiyo. Duk Bajapane da ya shiga silima ya san abin da ake nufi.

Da Jaws ya yi kasuwa, sai masu kwaikwayo suka yi ca. A Ingila, Guy N. Smith ya fitar da Night of the Crabs cikin 1976, labarin wasu manyan ƙaguwoyi da suka fito daga teku a gaɓar Wales suna yayyaga mutane, ya kuma bi shi da wasu littattafan a kan jigo ɗaya. Benchley da kansa ya rubuta Beast cikin 1991 a kan halittar nan mai hannuwa goma, Steve Alten kuma ya kawo Meg cikin 1997, wanda aka yi fim ɗinsa cikin 2018.

Kusan dukkan waɗannan labarai a kan tubali ɗaya aka gina su. Akwai ƙaramin gari wanda abincinsa ya dogara ga ruwa. Wani ya shiga ruwa da dare bai fito ba. Masani ya yi gargaɗi, hukuma ta ƙi ji. A cikin Jaws, shugaban 'yan sandan tsibirin Amity ya so ya hana shiga ruwa tun bayan mutuwar farko, amma magajin gari da manyan 'yan kasuwa suka hana shi, don kada baƙi masu yawon shan iska su gudu kasuwa ta mutu. Sai da aka ƙara rasa rayuka sa'an nan aka yarda. Kifin dai dabba ne mai neman abincinsa. Mutanen da suka ɓoye gaskiya su ne suka tura masa yara.

Wannan kasuwa ta bar baya da ƙura. Kifin shak, wanda littafin ya mai da shi dodo, yawanci mutanen da yake kashewa a duniya duka ba su wuce 10 a shekara ba, alhali wani ƙiyasi da masana suka fitar cikin 2013 ya nuna mutane na kashe wajen miliyan 100 daga cikin irinsa kowace shekara. Benchley ya ƙare rayuwarsa, har rasuwarsa cikin 2006, yana fafutikar kare dabbar da ya ɓata wa suna.

Dodon Bahaushe

Ƙasar Hausa ba ta da teku. Daga Kano zuwa Ikko ta jirgin ƙasa ya fi kilomita 1,000. Kogunanta kuma, in ban da kaɗan, na damina ne: da rani rairayi ne fari fat, ana tona shi a ɗebi ruwa, da damina kuwa su cika su batse cikin dare ɗaya su tafi da wanda ya yi ganganci. Don haka tsoron Bahaushe game da ruwa iri biyu ne, watau tsoron rasa shi da tsoron cikarsa ba zato, kuma dodanninsa a kan waɗannan biyu aka sassaƙa su.

Mafi shahara cikinsu ita ce macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, wadda ake kira Sarki. Tarihihin ya nuna cewa ta hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajida ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi rijiyar da dare ya sare kan macijiyar, ya auri Sarauniya Daurama. Masana tarihi sun yi ta muhawara a kan abin da ke bayan wannan labari, amma abu guda a fili yake: laifin macijiyar shi ne hana ruwa. Ta zauna a kan abin da jama'a ba sa rayuwa sai da shi, tana ba su kwana ɗaya cikin bakwai, wanda ya buɗe rijiyar kuma shi ya cancanci mulki. A nan ruwa da sarauta a ɗaure suke da igiya ɗaya.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga cikin 1908, ya ambaci wani kurmi a Jakara da ake kira Kurmin Baƙin Ruwa saboda baƙin ruwansa, inda mutanen zamanin Barbushe ke yanka baƙaƙen dabbobi idan wata masifa ta taso. A cikin bori ma akwai Sarkin Rafi, kuma har yau a ƙauyuka ana maganar 'yan ruwa, waɗanda ake cewa su ke jan mutum ƙasa. Irin waɗannan al'adu na iskoki su ne Joseph Greenberg ya yi nazari a kansu a tsakanin Maguzawan ƙasar Kano, ya buga littafinsa cikin 1946.

A tatsuniya kuwa Dodo ne sarkin ban tsoro. An tattara labaransa a cikin Magana Hausa na J. F. Schön cikin 1885, da littattafai uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da na A. J. N. Tremearne da na R. S. Rattray cikin 1913, sa'an nan da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970. Dodo yakan zauna a kogi ko a ƙungurmin daji, yana haɗiye mutane da shanu ba ya ƙoshi. Amma akwai wani babban bambanci tsakaninsa da dodon Turawa. Kifin Benchley da ƙaguwoyin Smith ba su da baki sai na ci. Dodon Bahaushe yana magana, yana ciniki, yana ba da bashi, har aure yana nema. A wata tatsuniya, mace mai ciki ce ta rasa mai taimakonta a bakin rafi, Dodo ya fito ya taimake ta, ita kuma cikin matsi ta yi masa alkawarin abin da ke cikinta. Shekaru suka wuce, ta manta, shi bai manta ba, sai ga shi ranar bikin yarinya ya zo karɓar bashinsa. A wata kuma, budurwa ce mai ruwan ido ta ƙi samarin garinsu, ta ƙi jin maganar iyaye, ta bi kyakkyawan baƙo, sai a tsakiyar daji ya rikiɗe ya koma Dodo. Ƙarshensa sau da yawa a hannun ƙaramin yaro yake, watau Auta, ko kuwa a farke cikinsa da wuƙa duk waɗanda ya haɗiye su fito da ransu.

Ke nan Dodon tatsuniya da ƙyar yake faɗa wa mutum haka kawai. Akwai alkawarin da aka ɗauka ba a duba ƙarshensa ba, ko gargaɗin da aka raina, kamar yadda karin magana ya ce, ruwa ba ya tsami banza. Ban da wannan, tsofaffin da ke ba da tatsuniya da dare suna da wata manufa ta kusa: yaron da ya yarda akwai Dodo a gurbin rafi ba zai je wanka shi kaɗai ba. Wannan dodorido ya ceci rayukan da babu wanda ya ƙidaya.

Teku a Rubutaccen Adabin Hausa

Ko da yake Bahaushe ba shi da teku a gida, ya san ta ta hanyoyi biyu, watau karatu da tafiya. Kowane almajiri ya san ƙissar Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da kifin da ya haɗiye shi. Littattafan Larabci na abubuwan al'ajabi sun kawo labaran Bahar Maliya, sunan da shi kansa daga Larabci ya zo da ma'anar ruwan gishiri. A cikin Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga fassararsa ta Hausa cikin 1924, akwai labarin Sindbad da abokan tafiyarsa da suka sauka a wani tsibiri suka hura wuta, ashe bayan ƙaton kifi ne. Ta fuskar tafiya kuma, alhazai sun ƙetare teku daga gaɓar Sudan zuwa Jidda, Dorugu ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila cikin 1855 ya ba da labarin abin da ya gani, sojojin Arewa kuma sun shiga jirgin ruwa zuwa Indiya da Bama a Yaƙin Duniya na Biyu.

Duk da haka, da aka fara rubuta ƙagaggun labarai da boko bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, ruwan da ya fi fice shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, watau ruwan magani wanda ke can ƙasar aljannu, wanda tauraron littafin ya yi shekaru yana nema don a warkar da ɗan sarki. Har a nan, ruwa abin nema ne mai wuyar samu, kamar dai a Kusugu.

Adabin da ya yi kama da na mujallun Amurka masu araha ya bayyana a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, wanda aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano. Shi ma a kan takarda mai araha ake buga shi, a kasa shi littafi na ɗaya da na biyu da na uku, a sayar ko a ba da haya. Mafi yawansa soyayya ce da zaman aure, amma akwai reshen littattafan yaƙi da al'ajabi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, cike da sadaukai da matsafa da aljannu da manyan macizai. Dodon teku irin na Turawa bai kafa gindi a wannan kasuwa ba. Ya fi shigowa ta ƙofar fim, musamman yanzu da ake ɗora wa finafinan ƙasashen waje murya da Hausa ana tura su a wayoyin hannu, har yaron Kiru ko Doguwa da bai taɓa ganin teku ba ya san kamannin kifin shak fiye da yadda ya san haɗarin ruwan da ke bayan garinsu.

Kudancin Kano da Sabon Ruwa

Kogin Kano ya taso ne daga gindin tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Doguwa da dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada, ya nufi arewa ya haɗu da Kogin Challawa, su zama Kogin Haɗeja mai gangarawa wajen Tafkin Chadi. Wannan yanki ya fi ko'ina samun ruwan sama a Jihar Kano, musamman wajen duwatsun Riruwai. Wannan ne ya sa gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ta zaɓe shi domin manyan madatsun ruwa. An fara da ta Bagauda a ƙasar Bebeji, sa'an nan ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, a daidai shekarun da fari ya addabi Arewa. Tsawon bangonta ya kai wajen kilomita 6, tafkin kuma ya mamaye fili wajen murabba'in kilomita 178. Daga baya aka ƙara ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, maƙwabciyar Kiru, wadda aka gama cikin 1992.

Amfanin wannan aiki ba ya ɓoyuwa. Ruwan Tiga ne ke shayar da filayen noman rani na Kadawa da Kura, inda ake noman alkama da shinkafa da tumatir, shi ne kuma ke taimaka wa birnin Kano da ruwan sha, ga sana'ar su da ta buɗe. Ta wannan fuska, an kashe macijiyar Kusugu karo na biyu, ruwa ya samu kwana bakwai a mako. Amma kamar matar nan ta bakin rafi, an karɓi taimakon ne da bashi a kai. Ƙauyuka da gonaki sun nutse a ƙarƙashin tafkin, aka tayar da mutanensu zuwa sababbin matsuguni. A can ƙasa kuma, fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda suka dogara ga ambaliyar damina, suka ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Mutanen da iyayensu ba su san iyo ko tuƙin kwalekwale ba suka zama maƙwabtan ruwa mai zurfi.

Abin da ke Cin Mutane a Zahiri

Idan aka tambaya wane dodo ne ke cikin waɗannan ruwaye, harshen Hausa da kansa ya ba da amsa, domin sunansa dodon koɗi. Wannan ƙaramar halitta, wadda ba ta kai kan yatsa ba, ita ce mazaunin ƙwayar cutar tsargiya. Mai ɗauke da cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi ya hayayyafa, sa'an nan ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai wanki ko manomin da ke tsaye a fadama. Alamarta jini a fitsari, kuma idan ta daɗe takan lalata mafitsara da ƙoda. A wasu wurare har akan ɗauki wannan jini alamar balagar yaro, a ƙyale shi ba magani. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a birnin Alƙahira cikin 1851, shekarar da Moby-Dick ya fito. Littafin ya zaga duniya, tsutsar kuwa ta ci gaba da aikinta shiru. Ruwan da ke kwance a madatsa da magudanan noman rani shi ne wurin da dodon koɗi ya fi so, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da wannan cuta, alhali maganinta ƙwaya ce mai araha. Sauron zazzaɓin cizon sauro ma a irin wannan ruwa yake ƙyanƙyasa.

Na biyu shi ne ruwan kansa idan ya fi ƙarfin abin da ya tare shi. Cikin Agusta 1988, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Cikin daminar 2001 kuma, ruwan da ya tumbatsa daga Tiga da Challawa ya mamaye garuruwa da dama a Kano da Jigawa.

Na uku shi ne nutsewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya cikin 2021, da yawansu yara da matasa. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta ƙasar Bagwai, arewa maso yamma da birnin Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Rahotanni sun nuna an yi wa jirgin lodi fiye da kima. Babu abin da ya raba Watari da Tiga ko Challawa ta wannan fuska, domin ko'ina akwai ƙauyukan da ruwa ya raba su da kasuwa ko makaranta, kwalekwale ne kaɗai gadarsu.

A irin wannan lokaci akan ji ana cewa 'yan ruwa ne suka ja su. A nan ne labarin dodo ke juyewa ya zama cuta. A bakin tsohuwa, Dodo gargaɗi ne da ake yi kafin yaro ya je rafi. Idan kuwa aka kawo shi bayan an binne mutane, ya zama mayafin da ake rufe lodi da ruɓaɓɓen katako da rashin rigar ruwa. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Kammalawa

An ga yadda dodon teku ya taso daga fargabar matuƙa jirgi, ya shiga takarda mai araha, ya ɗauki kamar bom a Japan, ya ɗauki kamar hukuma mai ɓoye gaskiya a Amurka. An ga kuma cewa Dodon Bahaushe mai hana ruwa ne, mai bin bashin alkawari, mai jiran wanda ya raina gargaɗi. Labaran biyu sun haɗu a wuri guda, watau dabbar ba ta samun nama sai mutum ya yi sakaci.

Ga ɗaliban adabi da tarihi, akwai aiki a gaba. Tsofaffin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa waɗanda suka san Kogin Kano kafin 1974 suna ƙarewa, tare da tatsuniyoyinsu da sunayen gurabu da mashigai da ƙauyukan da ruwa ya rufe. Abin da ba a ɗauka aka rubuta ba a yanzu, zai bi su. Marubuta kuma da ke son labarin ban tsoro ba sa bukatar aron teku, ga tafki a gida mai kufai a ƙarƙashinsa.

Ga ma'aikatan hukuma kuwa, darasin ya fi nauyi. Duba bangon madatsa kafin damina, sanar da mutanen gangare kafin a saki ruwa, ƙayyade yawan mutanen da kwalekwale zai ɗauka, samar da rigunan ruwa, kai maganin tsargiya makarantu, da jawo Sarakunan Ruwa da masunta cikin aikin ceto domin su suka san zurfi da mashigi, duk ayyuka ne na ofis waɗanda ba a rubuta littafi a kansu. Jami'in da rahoton haɗari ya zo teburinsa yana tsaye ne a inda magajin garin Amity ya tsaya, kuma rayukan waɗanda za su shiga ruwa gobe suna rataye ga abin da ya yi da takardar. Rigakafi dai ya fi magani.